CIWON GAƁOƁI DA KUMBURI GA MASU CIWON FATA MAI ƁAWO

GABATARWA

Akwai wani ciwon fata wanda likitoci ke kira soriyasis. Ba shi da suna guda tsayayye a bakin jama'a. Wasu sukan kira shi kirci, wasu kyasfi, in a kai ya fito a ce amosanin kai ne, wasu kuwa sai su rufe shi da tufa su yi shiru, don tsoron kada a ce kuturta ce. A cikin wannan ɗan littafi za a riƙa kiransa ciwon fata mai ɓawo, ko kuwa soriyasis.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ciwon nan yakan wuce fata ya sauka cikin gaɓoɓi. Sai ya sa su ciwo da kumburi, in kuwa aka yi sakaci ya cinye ƙashi, yatsu su karkace, mutum ya kasa sana'arsa. Gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take, amma ana iya tsare ta kafin ta lalace. Domin haka aka shirya wannan bayani saboda jama'ar Yola da Jimeta da ƙauyukan kewaye, don su san musabbabin ciwon, da alamunsa, da inda za a nufa neman magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

YADDA CIWON YAKE A FATA

Fatar mutum kullum cikin sabuntawa take. Sabuwa tana tasowa daga ƙasa, tsohuwa tana zubewa daga sama ba tare da an lura ba, kuma wannan juyi yakan ɗauki kimanin wata guda. Ga mai soriyasis kuwa, fatar takan yi gaggawa ta gama juyin nan cikin kwana 3 zuwa 7. Tun ta sama ba ta zube ba wata ta taso, sai su taru su yi tudu mai kauri da ɓawo fari ko ruwan toka, wanda ke zuba kamar dusa in an sosa.

A jikin farar fata tudun yakan yi ja. A jikin baƙar fata kuwa yakan yi duhu, ko shuɗi-shuɗi, ko ruwan ƙasa, shi ya sa ake yawan kuskuren gane shi. Ya fi fitowa a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙasan gadon baya. Yakan kuma ɓuya a cibiya, da bayan kunne, da hammata, da matsematsi, da tsakanin ɗuwawu. Yana lafawa ya sake tashi, wani lokaci bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a taronta na watan Mayu 2014, ta sa shi cikin manyan cututtukan da ba a ɗauka daga wani. A rahoton da ta fitar a 2016 ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da shi a duniya. Bai yawaita a Afirka ta Yamma kamar a ƙasashen Turai ba, amma akwai shi, kuma ƙarancinsa ma yana cikin abin da ke sa a daɗe ba a gane shi ba.

BA KUTURTA BA CE

Wajibi ne a tsaya a kan wannan batu, domin tsoron kuturta shi ke hana mutane da dama zuwa asibiti. Jama'ar Adamawa sun daɗe da sanin kuturta, tun da aka buɗe sansanin jiyyar kutare a Garkida a 1929. In aka ga mutum da tabo a fata, ga kuma yatsu sun fara lanƙwashewa, sai zuciya ta tafi can. Likitocin Turai ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa cututtukan nan biyu. Sai a 1841, watau shekarar da Modibbo Adama ya kafa garin Yola, wani likita a birnin Biyana mai suna Ferdinand von Hebra ya rarrabe su sarai. Daga baya, a 1873, likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta. Soriyasis kuwa ba shi da ƙwayar cuta ko kaɗan.

Ga yadda ake bambanta su. Tabon kuturta yakan yi haske fiye da sauran fata, yawanci ba shi da ɓawo mai kauri, ba ya ƙaiƙayi, kuma in aka taɓa shi da auduga mutum ba ya jin taɓawar sosai. Tudun soriyasis yana da ɓawo, yakan yi ƙaiƙayi, kuma ana jin taɓawa a kansa kamar ko'ina. Ba a ɗaukar soriyasis ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciya a shimfiɗa ɗaya, ko zaman aure. Babu dalilin ware wa mai shi kwano, ko hana yaro makaranta, ko fasa aure saboda shi. Ko da ma kuturtar ce, tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Ashe ke nan ɓoyewa ba ta da amfani ta kowace fuska.

ME KE SA GAƁOƁI CIWO DA KUMBURI?

A cikin jinin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu tsaron jiki, waɗanda ake kira garkuwar jiki. Aikinsu shi ne in ƙwayar cuta ta shigo, ko an yi rauni, su taru a wurin su yi yaƙi. Taruwar nan ita ke sa wuri ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ciwo. In an gama yaƙin sai su watse, wurin ya warke.

Ga mai soriyasis, masu tsaron nan sukan yi kuskure su far wa jikin da suke tsaro, kamar karen gida da ya juya yana cizon mutanen gidan. Suna aika wa juna saƙon tashi yaƙi ta wasu sinadarai, waɗanda masana suka sa wa suna TNF da IL-17 da IL-23, kuma saƙon ba ya yankewa. A fata, shi ke sa ta gaggawar nan da aka ambata. A gaɓa kuwa, ɓarnar takan faɗa wurare uku.

Na farko shi ne inda jijiya ta kama ƙashi. Tsokar da ke motsa gaɓa tana ɗaure da ƙashi ta hanyar jijiya mai tauri, kuma bakin ɗaurin nan shi ke shan wahalar ja da nauyi kullum. A nan ciwon ya fi son farawa. Shi ya sa mutane da yawa ke fara kuka da ciwon diddige, ko na agara a bayan ƙafa, ko na gefen gwiwar hannu.

Na biyu shi ne tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, wanda ke tatso ɗan ruwa mai yauƙi don ƙasusuwa su riƙa motsi ba gogayya. In ciwon ya kama shi sai ya yi kauri, ya riƙa zubo ruwa fiye da kima, gaɓar ta cika ta kumbura.

Na uku shi ne ƙashin kansa. In kumburin ya daɗe, yakan zaizaye guringuntsi ya ci bakin ƙashi, a wani gefen kuma ya sa sabon ƙashi ya tsiro inda bai kamata ba, har gaɓa ta haɗe ta daina lanƙwasuwa. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Ba dukan masu soriyasis ne ke samun ciwon gaɓoɓi ba. Yakan kama har mutum 3 cikin kowane 10. Ga mafi yawansu fata ce ke fara nunawa, sa'an nan gaɓoɓi su biyo baya, sau da yawa bayan kimanin shekara 10. Ga wasu kaɗan kuwa gaɓoɓi ne ke rigan fata. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, maza da mata daidai wa daida, ko da yake yara ma ba su tsira ba.

ABUBUWAN DA KE TADA SHI

Tushen ciwon yana cikin gado. Kimanin mutum 4 cikin 10 na masu wannan ciwon gaɓoɓi suna da ɗan'uwa na jini mai soriyasis ko ciwon gaɓoɓi irinsa. Amma gado shi kaɗai bai isa ba, sai an sami abin da ya tada shi. Ga waɗanda aka sani:

1. Rauni. Masu soriyasis sukan ga sabon tudu ya fito daidai inda aka yanke, ko aka ƙone, ko aka yi susa da ƙarfi. Haka kuma buguwa ko targaɗe na iya tada ciwo a gaɓa. Domin haka ƙaho da tsaga da sakiya, waɗanda ake yi wa gaɓa mai kumburi, suna ƙara wa irin wannan majiyyaci ciwo, ban da haɗarin shigar ƙwayar cuta ta aska.

2. Wasu cututtuka. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi yakan tada soriyasis, musamman ga yara da samari. Ƙwayar HIV mai karya garkuwar jiki ita ma tana tsananta shi. A shekarar 2000 likitoci a Lusaka ta ƙasar Zambiya sun ba da rahoto cewa kusan dukan masu wannan ciwon gaɓoɓi da suka duba suna ɗauke da ita. Wannan ba ya nufin kowane mai soriyasis yana da HIV. Abin da yake nufi shi ne, in ciwon ya taso farat ɗaya da tsanani, likita zai nemi a yi gwaji, kuma bai kamata a ƙi ba.

3. Ƙiba. Kitse mai yawa yana ƙara sinadaran kumburi a jini, yana kuma ɗora wa gwiwa da diddige nauyi.

4. Shan taba da giya, da yawan damuwa, da rashin barci.

5. Wasu magunguna. Daga cikinsu akwai kulorokwin, wanda Nijeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro tun 2005, amma har yanzu wasu ke saye su sha. Akwai kuma wasu magungunan hawan jini da na taɓin hankali. Mai soriyasis ya riƙa sanar da duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta masa magani.

6. Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke bushewa ƙura ta rufe kwarin Binuwai, fata takan tsage, ɓawo ya ƙaru. Mutane da yawa kuma sun fi jin gaɓoɓinsu a sanyin asuba na wannan lokaci. Amma a lura, sanyi ba shi ne musabbabin ciwon ba. Wanda ke da shi zai ji shi ko a tsakiyar zafin Maris da Afrilu.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

A ɗauki misalin tela a babbar kasuwar Jimeta, wanda ya yi shekaru da ɗan ɓawo a ƙeya yana zaton amosanin kai ne. Wata rana ya wayi gari yatsansa na tsakiya ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe, ya kasa riƙe almakashi. In ya sauko daga gado sai diddigensa ya soke shi kamar ya taka ƙaya, sai ya yi 'yar tafiya kāna ya ji sauƙi. Farcensa kuma ya yi ƙananan ramuka. Shi a ganinsa ciwo huɗu ne dabam-dabam, alhali kuwa ciwo ɗaya ne.

Manyan alamun su ne waɗannan. Gaɓoɓi su ƙage da safe fiye da rabin sa'a, su saki in an motsa jiki. Yatsan hannu ko na ƙafa ya kumbura gaba ɗayansa kamar ƙaramar ayaba. Gaɓar ƙarshen yatsa, wadda ke kusa da farce, ta yi ciwo da kumburi. Farce ya yi ramuka kamar an tsattsaga shi da allura, ko ya yi kauri, ko ya rabu da nama. Mafi yawan masu ciwon suna da wannan alama. Ciwon diddige ko na agara da ya ƙi tafiya. Ciwon baya ko na kwatangwalo wanda ke ta da mutum cikin dare, ya ƙaru da kwanciya, ya ragu da tafiya. Kasala mai yawa ba tare da wani aiki ba.

Ciwon ba kamanni ɗaya gare shi ba. A 1973 likitoci biyu a garin Lids na Ingila, Moll da Wright, sun kasa shi kashi biyar: wanda ke kama gaɓoɓi kaɗan a gefe ɗaya, da mai kama da yawa a gefe biyu, da mai kama ƙarshen yatsu, da mai kama ƙashin baya, da kuma mai cinye ƙashin yatsu har su gajarce. Na ƙarshen nan shi ne mafi muni, amma shi ne mafi ƙaranci.

In ido ya yi ja da ciwo, yana ƙin haske, ko gani ya yi dishi-dishi, to a tafi asibiti a ranar. Ciwon yakan kama cikin ido, kuma jinkiri na iya jawo makanta.

BA KOWANE CIWON GAƁA NE DAGA SORIYASIS BA

Mai soriyasis yana iya kamuwa da kowane irin ciwon gaɓa kamar sauran mutane, kuma kowanne da maganinsa. Jama'a sukan haɗa su duka su ce sanyin ƙashi, amma likita sai ya rarrabe.

Zaizayewar gaɓa ta tsufa da aikin ƙarfi. Wannan ita ce mafi yawa, musamman a gwiwa da ƙugu, ga manoman rani na Geriyo, da masu dako, da mata masu daka da ɗaukar ruwa. Bambancinta shi ne aiki ke ƙara ta, hutu ya rage ta, kuma ƙagewar safe ba ta daɗewa.

Ciwon gawut. Wani sinadari ne ke taruwa a jini ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yakan faɗo cikin dare, sau da yawa a babban yatsan ƙafa, da zafin da ko mayafi ba a so ya taɓa. Ya fi kama maza, kuma masu soriyasis sun fi sauran mutane samunsa. Yawan jan nama da kayan ciki, da giya, da lemon kwalba mai zaƙi suna ƙara shi.

Ƙwayar cuta a cikin gaɓa. In gaɓa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi ƙwarai, ga zazzaɓi, mutum ya kasa motsa ta, to mai yiwuwa mugunya ce ta taru a ciki. Wannan na iya hallaka gaɓa cikin 'yan kwanaki. Ba a kwana da shi a gida.

Tarin fuka. Ƙwayarsa takan bar huhu ta kama ƙashin baya, ko ƙugu, ko gwiwa, tare da rama da zufar dare.

Bakkale. Cutar shanu ce mai sa su ɓari da kumburin gwiwa, wadda makiyaya suka sani sarai. Mutum yakan ɗauke ta ta shan madarar da ba a tafasa ba, ko ta taɓa mahaifa da ɓarin dabba da hannu. Tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufa, da ciwon baya da gaɓoɓi. A ƙasar kiwo kamar Adamawa, ya kamata makiyaya da mahauta su gaya wa likita sana'arsu.

Amosanin jini, watau sikila. Yana sa ciwon ƙashi mai tsanani, da kumburin yatsu ga jarirai, da lalacewar ƙugu ga samari.

Har ila yau akwai ciwon gaɓoɓin da ke biyo bayan ciwon sanyi na saduwa ko zawo mai tsanani, da kuma wani amosanin gaɓoɓi mai kama hannuwa biyu daidai, wanda ya fi kama mata.

YADDA LIKITA KE GANEWA

Babu gwajin jini guda ɗaya da ke tabbatar da wannan ciwo. Likita yakan haɗa labarin majiyyaci da abin da ya gani. Zai duba kai, da farce, da cibiya, da sauran wuraren da tufa ke rufewa. Zai tambayi ko akwai mai irin ciwon a dangi. Domin haka kada a je asibiti a nuna gwiwa kawai a ɓoye fata saboda kunya, ko a nuna fata a manta da diddige. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita lokacin dubawa.

Bayan haka akan auna jini don a ga ƙarfin kumburi a kuma kawar da zaton sauran cututtuka, a ɗauki hoton ƙashi, wani lokaci kuma a zuƙo ruwan gaɓa da allura a auna.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Binciken da aka yi a ƙasar Ayalan ya nuna kusan rabin masu ciwon sukan fara samun zaizayewar ƙashi cikin shekara 2 na farko. Wani binciken kuma na 2015 a can ya nuna jinkirin wata 6 kawai kafin ganin likitan gaɓoɓi yana ƙara haɗarin naƙasa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MAGANI

Har yanzu ba a sami maganin da ke tumɓuke soriyasis daga jiki ba. Duk wanda ya ce yana da shi, a kasuwa ko a tasha ko a waya, kuɗi kawai yake nema. Amma akwai magungunan da ke kwantar da shi har mutum ya yi shekaru yana aikinsa lafiya, kamar yadda ake yi da hawan jini.

Magungunan rage zafi, irin su ibufurofen da diklofenak, suna sauƙaƙa ciwo amma ba sa hana ƙashi lalacewa. Yawan shansu kuma yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, balle a garin zafi inda jiki ke yawan rasa ruwa.

Maganin da ke tsare gaɓa shi ne wanda ke kwantar da garkuwar jiki. Wanda aka fi bayarwa shi ne metotireksat. Sau ɗaya a mako ake shansa, a rana guda tsayayya. Shansa kullum guba ne mai iya kisa. Akan haɗa shi da ƙwayar folik asid, kuma akan riƙa auna jini don duba hanta da ƙoda da ɓargo. Ba a haɗa shi da Septrin, ba a shan giya a kansa. Mace mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai neman haihuwa ba ta shansa, kuma namiji mai neman haihuwa ma ya shawarci likita. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a yanke ƙauna a daina. Akwai kuma silfasalazin da leflunomid. Ga wanda waɗannan ba su yi wa aiki ba, akwai sababbin allurai masu toshe saƙon TNF ko IL-17, sai dai suna da tsada ƙwarai. Kafin a fara irin waɗannan magunguna akan yi gwajin ciwon hanta da tarin fuka da HIV.

GARGAƊI A KAN HAƊIN KEMIS DA MAN BILICIN

Akwai wasu ƙwayoyi, firednisolon da dekzametazon, waɗanda masu sayar da magani kan jefa cikin haɗin ciwon jiki, wasu kuma har cikin jiƙon gargajiya na kwalba. Suna sa mutum ya ji garau cikin kwana biyu, shi ya sa ake komawa gare su. Amma shansu na dogon lokaci yana kawo kumburin fuska, da ciwon sukari, da hawan jini, da gautsin ƙashi. In kuma mai soriyasis ya daina su farat ɗaya, ciwon na iya ɓarkewa ya rufe jiki duka, fata ta yi ta saɓa ko ta fito da ƙuraje masu mugunya, har a kwantar da shi a asibiti. Da yawa daga cikin man bilicin ma suna ɗauke da sinadari irin wannan. Wanda ya riga ya daɗe yana shan su kada ya yanke da kansa. Ya tafi da kwalin ko ƙwayar wurin likita, shi zai rage masa sannu a hankali.

ABIN DA MAJIYYACI ZAI YI DA KANSA

Ya riƙa motsa jiki kullum, domin zama wuri ɗaya yana ƙara ƙagewa. Tafiyar rabin sa'a da sassafe ko da yamma ta isa, tare da miƙe yatsu da gaɓoɓi kamar yadda ma'aikatan sashen gashin ƙashi za su koya masa. A ranar da gaɓa ta kumbura sosai a hutar da ita. Ya rage ƙiba, ko da kaɗan ne, ya bar taba da giya. Ya yi wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, ban da dirza da soso, sa'an nan ya shafa man kaɗe ko basilin tun jiki bai bushe ba, musamman da hunturu. Ɗan hantsi yana amfanar fata, amma kada a zauna har rana ta ƙona ta. Ya sa takalmi mai taushin diddige. Ya riƙa auna hawan jini da sukari aƙalla sau ɗaya a shekara, domin masu soriyasis sun fi fuskantar ciwon zuciya da na sukari.

Iyali su ma suna da nasu aikin. Ciwon da ba a gani da ido yakan sa a zargi mutum da ragwanci. Matar da ta kasa daka da safe, ko ɗalibin da ya kasa riƙe alƙalami, taimako suke bukata da rakiya zuwa asibiti.

INDA ZA A JE

A fara da asibitin unguwa ko ɗakin shan magani mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. A Jimeta akwai Asibitin Ƙwararru na Jiha. A cikin garin Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a dā yake Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Garkida, cikin Ƙaramar Hukumar Gombi, akwai asibitin cututtukan fata, inda aka daɗe da ƙwarewa wajen bambanta kuturta da sauran cututtuka. A tafi da dukan magungunan da ake sha ko ake shafawa, na asibiti da na gargajiya. Da yake jiyyar ta dogon lokaci ce, yana da kyau a tambayi yadda ake shiga shirin inshorar lafiya don rage nauyin kuɗi.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Soriyasis ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

2. Mai ɓawo a fata da ya ji ƙagewar safe, ko kumburin yatsa, ko ciwon diddige na fiye da mako 6, ya je asibiti.

3. Gaɓa ɗaya mai zafi da zazzaɓi, ko jan ido mai ciwo, a kai asibiti a ranar.

4. A guji ƙaho da tsaga da sakiya a kan gaɓa mai kumburi, a guji haɗin kemis da man bilicin.

5. Metotireksat sau ɗaya a mako ake shansa, bisa umarnin likita kaɗai.

6. A tafasa madara kafin a sha.

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu soriyasis a duniya. Ana roƙon hakimai da masu unguwanni, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na mata, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga jama'arsu. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.